Ranar da Baffa Ya Tare Ƙofa

Kwanan baya ina cikin motar haya daga Gummi zuwa Bukkuyum, wata mata da ke zaune kusa da ni ta zaro 'yar kwalbar man zaitun daga jaka, ta ɗiga a yatsa, ta shafa wa ɗanta a goshi. Ƙamshin ya iso hancina. Na mayar da fuska wajen taga, ban sake juyowa ba har muka sauka. Matar ba ta yi mini laifin komai ba. Ƙamshin ne ya ɗauke ni ya dire a tsakar gidanmu, a bazarar da yara suka yi ta mutuwa, lokacin ina 'yar shekara goma sha wani abu.

Kafin in kai ka can, bari ka san ko mu su wane ne. Ƙauyenmu ba shi da nisa da Tungar Guru. Garin Musulmi ne tun kaka da kakanni, mu kuwa Kirista ne, 'yan gidaje ƙalilan a bakin gari ta yamma. Kakata, wadda ta haifi Baba, ita da mijinta suka zo daga wajen duwatsun Zuru neman ƙasar noma. Mijin ya rasu, ita ta zauna ta raini 'ya'yanta, har bakinta ya koma na mutanen wurin. Cocinmu ɗaki ne na laka mai rufin kwano. Ba mu da fasto, sai wani mai bishara da kan zo a babur in hanya ta yi kyau. Ran da bai zo ba, Baba ya karanta Littafi, Kaka ta ɗaga waƙa, a tashi. Bayan katangarmu akwai wata tsohuwa Musulma, ƙawar Kaka, muna ce mata Goggo. Ta kan katangar suke miƙa wa juna daddawa da garwashin wuta da labarin gari.

Baba injin niƙa gare shi. Da zinari ya bayyana a dajin bayan gari, sai gero da dawa suka ragu a bakin injin, buhunan dutse suka maye gurbinsu. Maza su haƙo, mata su farfasa a turmi, Baba ya niƙe. Ƙurar laushi gare ta kamar garin tuwo. Tana sauka a kan randa, a kan tabarma, a kan faifan da aka rufe abinci. Ƙanena, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, a cikinta yake wuni, ya damƙa ya kai baki. Haka ma 'yar Baffa, sa'arsa, yarinya mai surutu kamar kanari. Babu wanda ya san abin da ke cikin ƙurar. Shekarar ce Baba ya sauya rufin ɗakinmu, ya saya wa Inna keken ɗinki, kowa na cewa arziki ya shigo gari.

Abin ya fara ne da zafin bazara. Yaro ya kwana lafiya, gari ya waye yana amai, kafin azahar ya sandare, idanu su juye, kumfa na fita a baki. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska aka taɓo a ramin zinari. Hanyar maƙabarta ta gefen gidanmu ta bi. Da farko ina leƙawa, daga baya na daina, don gawarwakin duk ƙanana ne, mutum ɗaya ya isa ya rungumo a tabarma. Jikokin Goggo ma ta nan aka wuce da su.

Sai ciwon ya shigo gidanmu, ya kama ƙanena da 'yar Baffa a mako guda.

Baffa ƙanin Baba ne, autan Kaka. A Gusau yake aikin gini, matarsa da 'yarsa suna tare da mu. Ba na so ka ɗauke shi mugun mutum. A duk gidan babu wanda nake so kamarsa. Shi ya koya mini karatu, shi ke zuwa mana da rake da sababbin waƙoƙi. Ya taɓa yin gyambo a ƙwauri wanda ya ƙi jin magani, har ana maganar yanke ƙafar. A wani coci a birni aka ɗora masa hannu, aka shafa masa mai, bayan wani lokaci gyambon ya bushe. Yakan naɗe wando ya nuna mana tabon, idonsa na cika da hawaye. Tun daga nan bangaskiyarsa ta zama kamar wutar kara. Da ya ji labarin yaran, a ranar ya iso, da kwalbar man zaitun a aljihu.

Ya ce kowa ya ɗauki azumi, muka ɗauka har da ni. Aka shimfiɗa yaran a ƙarƙashin rumfa. Ya shafe su da mai tun daga goshi har tafin ƙafa, ya durƙusa a kansu yana addu'a da ƙarfi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Rana ta take, kwanon ɗaki na ƙara don zafi, ƙamshin man ya cika gidan ya gauraya da warin amai. Mu muna kewaye muna amsawa da amin har makogwaro ya bushe. Na gaskata shi da dukan zuciyata. Ina jira ne kawai in ga yaran sun miƙe.

Wata safiya kuwa ƙanena ya tashi zaune da kansa, ya miƙa hannu wajen kwanon kunu. Baffa ya sure shi ya fita ƙofar gida yana kuka yana dariya, yana kiran masu wucewa su zo su ga aikin Ubangiji. Mutane suka tsaya, suka ce Allah ya ƙara sauƙi, suka wuce. Kafin la'asar, yana goye a bayana, na ji ya miƙe ya ƙage kamar icce, ƙafafunsa na bugun kwankwasona. Da aka kwance shi, Baffa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce akwai mai shakka a gidan nan, shi ya sa aikin ya warware. Kowa ya sunkuyar da kai. Kaka kaɗai ta ci gaba da fifita yaron.

Cikin wannan hali ma'aikatan lafiya suka zo garin, har da Turawa da mai yi musu tafinta. Suka bi gida gida suna ɗiban jinin yara da ƙasar tsakar gida. Da suka dawo suka ce ba iska ba ce, ba sanƙarau ba ne, gubar dalma ce da ke cikin dutsen da ake niƙawa. Suka ce akwai magani a asibitin Bukkuyum, mota na ƙofar mai gari, za ta tashi in rana ta karkata, kuma duk yaron da ya fara sandarewa kada a bar shi ya kwana a gida.

Baba ya zauna a kan kifaffen turmi, yana kallon hannuwansa da suka yi fari da ƙura. Yanzu ya ji cewa injinsa ne. Ko da aka yi masa magana bai ɗago ba.

Inna ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya. Baffa ya miƙe.

Ya ce, “In munka kai su, mi munka gaya ma garin ga? Cewa Yesunmu cikin takarda kaɗai shika warkarwa?” Ya juya wajen Kaka, wadda shi da Baba suke kira Iya. “Iya, ki fidda mu'ujiza daga Littafi ki ga abin da zai saura. Makaho ya gani, gurgu ya tashi, kabari ya buɗe. Wanda bai yarda da wanga ba, ko kullum shina coci, ba Kirista ba na.”

Kaka ta ce, “Na yarda da su duka, Auta. Tun ba a haife ka ba na yarda. Amma ban ji inda anka ce in an miƙo maka magani ka zubar ba.”

Ya ce ba a bin hanya biyu. Ko a dogara ga Allah, ko a dogara ga allura. Ya ce an kusa, ya ji a jikinsa, gwaji ne na ƙarshe, wanda ya saki yanzu ya yi asarar duk azumin da aka yi. Muryarsa ba ta faɗa ba ce, roƙo yake yi, kuma wannan ya fi tsoratar da ni.

Sai muka ji muryar Goggo ta kan katanga. Ashe tana tsaye tun ɗazu. Ta ce, “Mu ma mun sha rubutu, mun yi sadaka, malamai sun yi karatu. Allah bai hana neman magani ba. Da motar ga ta zo wancan mako…” Ba ta ƙarasa ba, kanta ya ɓace daga kan katangar.

Kaka ta dube ni ta ce, “Goya shi.”

Na goya shi. Jikinsa zafi kamar tukunyar da aka sauke, kansa na lilo a kafaɗata. Inna ta ɗauki ƙunshin kaya, muka nufi zaure. Kafin mu kai, Baffa ya riga mu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dafa bango da hannu biyu. Gidanmu ba shi da wata mafita sai nan.

Bai kalli Inna ba, ni ya kalla. Ya ce, “Ɗiyata, kin yarda Yesu shina iya warkar da shi?”

Na ce na yarda.

“To ina za ki kai shi?”

Mutumin da ya koya mini haɗa baƙi yake tambayata, kuma ban ga ƙarya a maganarsa ba. Ina jin numfashin ƙanena a wuyana, yana fita da wani gurnani. Daga ƙofar mai gari aka danna ham ɗin mota.

Kaka ta matso ta tsaya a gefena. Ta ce, “Inda za a ba shi magani za ta kai shi. Yesu ya san hanyar Bukkuyum.”

Baffa bai motsa ba. Aka sake danna ham. Sai na ji takun Baba a bayanmu. Ya ce, “Auta, ba ta hanya.” Suka kalli juna, wa da ƙani, har na ɗauka za a kai ga dambe. Can Baffa ya sauke hannu ɗaya. Na sunkuya na fice, Inna ta biyo ni.

Matar Baffa na biye da mu, ta rungumo 'yarta. Hannun Baffa ya koma bango.

Ya ce, “Wancan na Yaya na, ba ni da iko da shi. Wagga tawa ta.”

Abin da na gani da na waiwaya har yau ban so tuna shi. Kaka, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta durƙusa a gaban ɗan da ta haifa, ta kama ƙafarsa, ƙafar nan mai tabo. Ya sunkuya yana ɗaga ta yana kuka, yana cewa, “Iya, ki ba ni zuwa Lahadi. Lahadi kaɗai. In ba ta tashi ba, ni da kaina zan kai ta.” Baba ya yi magana, Baffa ya ƙi. Ba a ƙwace ɗa daga hannun ubansa. Inna ta ja ni muka ruga. A bakin mota aka karɓi ƙanena daga bayana aka miƙa mata, aka ce uwa kaɗai ake tafiya da ita. Na tsaya da zanen goyo a hannu har ƙurar motar ta kwanta.

Yarinyar ba ta kai Lahadi ba. Ran Asabar da hantsi ta sandare, ba ta sake saki ba.

Baffa ya ɗauke ta ya shiga ɗaki ya turo ƙyaure. Ya ce barci take yi, kada kowa ya yi kuka. Muna jin muryarsa yana kiranta, yana umartar ta ta tashi, yana tuna wa Allah alkawuransa. Matarsa na kwance a ƙasa a bakin ƙofar. Maza maƙwabta, 'ya'yan Goggo da wasu, suka zo da magirbi da shebur, suka taya Baba haƙa a inda muke binne namu. Suka gama, suka dawo suka zauna a gindin bishiyar bedi a ƙofar gida. Babu wanda ya ce a yi sauri, babu wanda ya yi wata magana a kan addinin wani. Rana ta raba tsaka, ta fara juyawa. Kowa ya san abin da zafin bazara ke yi wa gawa. Muryar Baffa ta dushe har ta koma kamar ƙarar zarto.

Kaka ce ta tura ƙyauren ta shiga. Ina tsaye daga bakin ƙofa. Ta zauna kusa da shi a ƙasa. Sannan ta ce, “Za ta tashi, Auta. Na yarda da haka kamar yadda na yarda da hannuna. Amma ba yau ba, kuma ba kai za ka tashe ta ba. Ba ni ita in wanke.” Ya saki.

Bayan binnewar Baffa ya daina addu'a. Ko a kan abinci ba ya rufe ido. Bai koma Gusau ba, bai kuma shiga coci ba. Matarsa ta tafi gidansu, ba ta dawo ba. Damina ta faɗi, aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidanmu aka zuba sabuwa, Baba ya kwance injinsa ya sayar.

Wata rana da yamma ina tsince wa Kaka wake, Baffa ya zo ya zauna nesa kaɗan. Ya ce, “Iya, abu biyu na. Ko bangaskiyata ta kasa, ni na kashe ta. Ko kuwa babu kowa can sama, ni dai na kashe ta.”

Kaka ba ta ce masa ba shi da laifi ba. Ba ta iya ƙarya ba, ko don lallashi. Ta ce kafin a haife shi ta binne 'ya'ya, kuma babu wanda ba ta roƙa masa rai ba. Ta ce tun da ta bar abin da ubanta ke bauta wa ta bi Yesu, ba ta taɓa ganin mu'ujiza da idonta ba, ko sau ɗaya. Ta ji ana faɗa, ta kuma yarda, amma ba a taɓa yi mata ba.

Ya ce, “To mi ya riƙe ki?”

Ta ce, “Yesu ma kansa ya roƙa a ɗauke mai wahala, ba a ɗauke ba. Da na ji haka na ce wanga ya san inda nike. Ban bi shi don shi biya ni ba.”

Baffa ya tashi ya fita. Ni ma a lokacin ban gane maganar ba, na dai riƙe ta.

Ƙanena ya dawo bayan makonni, da rai. Amma ba yaron da ya tafi ba ne. Maganarsa ta yi nauyi, hannunsa na dama ba ya riƙe abu da kyau, makaranta kuwa ba ta zauna masa ba. Mai bishara ya ce mu'ujiza ce da ya rayu. Ma'aikacin asibiti ya ce maganin ne, kuma da an ƙara kwana da ba haka ba. Kaka ta yi wa kowannensu godiya, ta dafa wa kowannensu kaza.

Yau Kaka ba ta da rai. Ƙauyen ma kusan babu shi, 'yan bindiga sun watsa mu, cocin lakar ya rushe, ban san inda zuriyar Goggo ta nufa ba. Muna zaune a Gummi, ni da mijina da ɗiyata, su Baba na kusa. Ƙanena ya zama saurayi, shi ke share coci ran Asabar, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa tsintsiyarsa. Yanzu ko a waya ka duba, masu wa'azi ne ke alkawarin warkarwa nan take, kuma na ga mutane da yawa masu irin wutar Baffa ta da. Ba na yi musu dariya. Tambayar da ya yi mini a bakin zaure har yau ban gama amsa ta ba. Na san in aka cire kabarin da ya buɗe, ni ma ban san abin da zan riƙe ba. Abin da na daina shi ne sa wa Allah rana.

Baffa yana nan, kansa ya yi fari, yana kabu-kabu da babur. Bai sake aure ba. Yakan kawo ƙanena coci ya tsaya daga waje a inuwa har a tashi. Shekara da shekaru ban ji ya ambaci sunan Yesu ba, ni kuma ban taɓa tambayarsa ba.

Da daminar bara zazzaɓi ya kama ɗiyata. Da rana tsaka ta fara karkarwa, idonta ya juye. Na durƙusa a kanta na fara addu'a. Ban san wanda ya gaya wa Baffa ba, sai ƙarar babur na ji a ƙofar gida. Ya shigo ba sallama, ya ce, “Goya ta. Kya ƙarasa addu'ar a hanya.”

Na hau bayansa, ya fizgi babur ta cikin taɓo. Iska na dukan fuskata, ina jin wata magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka da masu mota yake faɗa. Sai da na kara kunnena a bayansa na gane. Addu'a yake yi. Babu tsawa a cikinta, babu umarni, yana dai cewa, “Ka ji tausayi, Yesu, ka ji tausayi,” yana maimaitawa. Kuma bai rage gudu ba har muka shiga ƙofar asibiti.